Bargon da Na Ce Na Bashir Ne

Kun sha tambayata abin da ya sa bargon nan mai atamfa yake gidan Bashir, alhali duk gidanmu an san yayarku ce mai jin sanyi. Nakan ce muku rabo ne, in kawo wani zancen. To yanzu gwiwoyi sun zaunar da ni, abokan hira kuma sai raguwa suke yi, gara in rubuta muku da hannuna tun kafin ku haɗa naku labarin bayan raina. Zancen ba zai fahimtu ba sai na fara kai ku shagon Mis Loreta, domin a can aka ɗinka bargon, a can kuma na bayar da shi.

Mun zo Greensboro ta ƙasar Amurka a ƙarshen shekarun saba'in. Babanku, Allah ya jiƙansa, yana karatun aikin gona a jami'ar da ke gabashin gari, ni kuma ina karatun bangon ɗaki. A Malumfashi bakina kan gaji da gaisuwa kafin azahar, amma a nan mutum zai jefo maka gaisuwa yana tafiya, kafin ka buɗe baki ka tambayi mutanen gidansa ya sha kwana. Kantuna kuwa tsoronsu nake ji. Da na shiga da mayafina sai wata ta taso tana tambayar abin da nake nema, idonta a kan hannuwana, ni kuma Turancina bai kai na musu ba. Sai in sayi abin da ban yi niyya ba don dai in samu in fita. Wata rana da sanyi muna dawowa daga wurin wankin kaya na inji, ina da cikin Bashir, yayarku tana riƙe da gefen zanena, sai na hangi wani bargo a tagar wani ƙaramin shago. An haɗa shi ne da ƙananan ƙyallaye kala-kala, an sa auduga a tsakiya, an bi shi da ɗinkin hannu. Su kwilt suke ce masa. Gaskiya ba bargon ne ya shigar da ni ba, ƙafafuna ne suka daskare.

Ƙararrawar ƙofa ta kaɗa. Wata dattijuwa baƙar fata, doguwa, da tef ɗin awo a wuyanta, ta ɗago kai daga teburin yanka.

"Ku shigo daga sanyin nan," in ji ta. "Ga kujera can kusa da hita."

Daga nan ta koma kan aikinta, ta ba ni baya. Na daɗe a zaune ina jiran a zo a tambaye ni me ya kawo ni, ba a zo ba. Na tashi na shafa bandir-bandir na yadi, na sa su a kumatuna, ba wanda ya ce kanzil. Sai da za mu fita ne ta zo ta durƙusa a gaban yayarku ta tambayi sunanta. Yarinyar ta faɗa a hankali. Mis Loreta ta maimaita, bai fita daidai ba, ta ce a sake faɗa mata, ta yi ta maimaitawa har ya zauna a bakinta kamar na Bahaushiya. Tun daga ranar, duk sanda ƙararrawar nan ta kaɗa ta gan mu, sunan yarinyar take fara kira da ƙarfi kafin ta gaishe ni.

Na yi shekaru ina zuwa shagon, kuma na shiga shagunan yadi da yawa bayansa, wasu sun ninka shi girma da kaya, ban sake ganin irinsa ba. Ba wani kyau gare shi ba. Kujerar nan ta kusa da hita ta tsufa har ta lotsa, amma kowa ya san ta mai gajiya ce, ko ya saya ko bai saya ba. Akwai tukunyar kofi da ba ta hucewa, da kwandon ƙyallaye a ƙarƙashin tebur wanda yara ke ɗiba kyauta. In tana yanka yadi sai ta kai almakashi daidai awo, sannan ta ɗan matsar da shi gaba, ranar da na fara lura na ce a raina ashe a Amurka ma an san gyara. In tsohuwa ta yi sayayya sai ta ɗaukar mata ƙunshin ta raka ta har mota. In ka kawo ɗinki karkatacce ba ta dariya, sai ta juya shi ta juya har ta gano wuri ɗaya da ya yi kyau ta nuna wa kowa, gyaran kuma ta faɗa maka a kunne. Amma babban abin da ke mayar da mutane shagon tambaya ce guda. Ba ta fara tambayar kalar da kake so ko yadi nawa, sai ta ce, wa za a yi wa? Sai ka ga mace ta zo sayen zare ta zauna tana ba da labarin jikanta da ya karye a ƙafa. Bayan watanni matar ta dawo, Mis Loreta ta kama sunan yaron ta tambayi ƙafar. Kowa na shiga shagon nan da mutanensa a baki.

A nan ne kuma tawa matsalar take, kuma ku da kuka tashi a nan sai na yi muku bayani. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta wasa da shi a fili, in yana kuka ma a cikin taro sai ta kau da kai har wata ta ɗauke shi. Kunya ce, kuma ana yaba mace da ita. Ni ma 'yar fari ce, uwata har ta bar duniya "ke" take ce mini, ban kuma taɓa kwana da shakkar tana so na ba. Ga yayarku kuma abin ya ninka, domin sunan Inna aka sa mata, mahaifiyar babanku, suruka kuwa ko a mafarki ba a kama sunanta. Saboda haka "ke" nake ce mata, in ina zancenta in ce "yarinyar nan". Da aka haifi Bashir kuwa, Bashir sama Bashir ƙasa, in ɗaga shi in yi masa waƙa, ita tana gefe tana kallo. Ban ga laifin haka ba ko kaɗan, a ganina tarbiyyar gidanmu nake riƙe da ita a ƙasar da ba mai tuna mini.

Ranar Asabar mata kan taru a bayan shagon, su kewaye wani katako mai faɗi da ake ɗaure bargo a kai, kowa da allurarta. Yawancinsu matan unguwa ne 'yan coci ɗaya, da wasu fararen fata da ke tukowa daga Pleasant Garden, wani ɗan gari da ke kusa da mu. Na koya musu irin ɗinkin da muke yi wa hula, suka koya mini haɗa ƙyalle, Turancina ya buɗe a kan gulmar mutanen da ban sani ba. Suna da wata al'ada. In mace ta gama bargo, mutum biyu su kama kusurwoyinsa su ɗaga, ita kuma ta miƙe ta faɗi wanda ta yi wa da dalili. In mai shi yana wurin sai a kira shi a lulluɓe shi da bargon, a yi tafi. Na ga manyan mata suna share hawaye a wurin nan. Ni dai nakan yi tafi in sunkuyar da kai, ina mamakin yadda mutum zai tsaya a gaban jama'a ya ce yana son ɗansa bakinsa bai yi nauyi ba.

Shekarar da nake da cikin Safiya, yayarku tana aji uku, tari ya kama ta tun farkon sanyi ya ƙi saki. Na buɗe akwati na fito da atamfofin lefena waɗanda sanyin garin nan ya hana ni ɗaurawa, na sa musu almakashi. A tsakiyar bargon na sa zanen da na goye ta da shi a Zariya, wani saƙi mai ratsin baƙi da fari da ya yi laushi don wanki. Ita ke zura mini zare a allura in ta taso daga makaranta, domin idonta ya fi nawa. Ba ta tambaye ni na wane ne ba, ni ma ban faɗa ba. Mis Loreta ce ta yi tambayarta ta kullum.

"Wa za a yi wa, Rabi?"

"Na gida ne," na ce.

Ta shafa saƙin na tsakiya ta ce wannan fa, daga ina? Na ce zanen goyo ne, na nuna mata yadda ake ɗaura jariri a baya. Ta dube ni, ta dubi yarinyar, ta kashe mata ido ɗaya. Na ga fuskar yayarku ta washe, ta sunkuya tana neman kafar allura kamar ba ta gani ba. Na ji daɗi ƙwarai a ranar, don an faɗa mata ba tare da an bi ta bakina ba.

Da haihuwa ta matso babanku ya kawo Inna ta zauna da ni. Ba ku san ta sosai ba. Gajeriya ce mai babbar murya, ta zo da goronta a naɗe cikin tsumma mai laima, ta kuma raina komai na Amurka tun daga filin jirgi, ta ce ko kazarsu ba ta da ɗanɗanon kaza. Amma da ta ga yayarku sai ta janyo ta jikinta, takwara kaza takwara kaza, ta yi mata kitso, ta ci abinci kwano ɗaya da ita, ta tsokane ta wai Hausarta ta 'yan koyo ce. Yarinyar da ba a jin muryarta a gida ta koma mai surutu. Bayan na yi arba'in na ƙarasa bargon, Mis Loreta ta ce lallai in zo da surukata ranar ɗagawa. Muka tafi gaba ɗayanmu. Yayarku ta sa rigarta ta salla ba wanda ya ce ta sa, na gani kuma na san dalili.

Mis Loreta ta tari Inna tun daga bakin ƙofa, ta kama hannunta da hannu biyu ta zaunar da ita a kujerar hita. Suka yi ta gaisawa, wannan da Hausa waccan da Turanci, kowa na amsa abin da ba a tambaye ta ba. Inna ta ɓare goro ta miƙa mata, ta karɓa ta tauna, ta yamutsa fuska ta haɗiye. Inna ta juyo gare ni.

"Wannan matar ta san baƙo," in ji ta. "Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. A ina kika samo ta a cikin mutanen nan?"

Aka ɗaga bargon. Atamfofina suka cika bayan shagon, matan suka yi ta yaba shi, har Inna ta gyaɗa kai ta ce ashe ba zaman banza nake yi ba. Mis Loreta ta ce in miƙe, na miƙe da Safiya a hannu. Ta yi murmushi ta ce to Rabi, faɗa mana, wa aka yi wa? Sai a lokacin na ga ramin da na haƙa wa kaina. Inna ba ta jin Turanci, amma ba wanda ba ya jin sunansa. In na buɗe baki, sunan surukata zan kama tana zaune tana kallona, kuma 'yar farina zan yaba a gaban taro. Na dubi Inna, tana tauna goro tana jira. Da zan iya cewa na yarinyar nan ne in nuna ta da hannu, da an wuce wurin, amma ko wannan ya yi mini nauyi a gaban Inna. Bashir yana ɗan shekara huɗu, ya rarrafa ƙarƙashin bargon yana jan gefensa. Idona ya faɗa kansa.

"Na Bashir ne," na ce.

Yayarku ta riga ta ɗaga ƙafa za ta fito. Na ga ta mayar da ƙafar. Matan ba su san komai ba, suka ɗauki tafi, suka naɗe Bashir a ciki yana ƙyalƙyala dariya. Mis Loreta kaɗai ba ta tafa ba. Ta kira sunan yarinyar a hankali, ta ce ta zo ta taya ta ɗauko kofuna, ta dafa kafaɗarta suka shige ciki, suka daɗe ba su fito ba. Haka ta rufa mana asiri mu biyu, ba wanda ya ga hawayen yarinyar, ba kuma wanda ya tambaye ni komai. Ni kuwa ina tsaye ana yi mini barka, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Da za mu tafi ta rako mu har mota kamar yadda ta saba, ta bari kowa ya shiga, sannan ta riƙe hannuna.

"Ban san al'adarku ba, Rabi, ba kuma zan koya miki renon 'ya'yanki ba," in ji ta. "Amma duk zaren da ke jikin bargon nan ita ta zura shi. Kujerarki tana nan ranar Asabar."

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Da muka isa gida yayarku ta cire rigar sallar ta ninke, ta kwanta ta juya wa ƙofa baya. Inna ta kira ta cin abinci ta ƙi tashi. Bayan la'asar Inna ta same ni a kicin ta ce me aka yi wa takwararta a wurin matan nan. Na so in ɓoye, amma Inna ba a yi mata kwana-kwana. Na faɗa mata duka, ina jiran ta ce na kyauta, na nuna ni 'yar mutunci ce. Ta cire goron daga bakinta ta dube ni.

"Don ni kika yi?"

"Inna, ai ba zan iya kama sunan a gabanki ba."

"Wa ya ce ki kama? Ba ga ni a zaune ba? Ki miƙo mini bargon mana, ni in lulluɓa mata. Aikin kaka ke nan." Sannan ta ce, "Rabi, a gida in uwa ta kau da kai, akwai mai ɗauka. Ga kaka, ga goggo, ga matan gida, yaro ba ya ma sanin uwarsa ba ta kira shi ba. Ke uwarki da ta yi miki kunya, a bayan wa kika girma?"

"A bayan kakata."

"To ita fa? Kafin in zo, wa ke kiran yarinyar nan a garin nan?"

Na buɗe baki in ce babanta, sai na tuna shi ma sunan mahaifiyarsa ne, ba ya kamawa. Malaman makaranta kuwa sun gajarta shi sun mayar da shi wani abu daban. Na lalubi garin nan kaf a raina, mace ɗaya na samu da ke kiran 'yata da cikakken sunanta da murna, kuma a shagonta ne na tsaya na ba wani bargon. Inna ba ta jira amsata ba. Ta je ta zare bargon daga hannun Bashir yana ihu, ta shimfiɗa wa takwararta. Yarinyar ta tashi ta ninke shi da kyau, kusurwa kan kusurwa yadda Mis Loreta ta koya mata, ta kai gadon Bashir ta ajiye.

"Mama ta ce nasa ne," ta faɗa da Turanci.

Inna ta juyo ta ce me ta ce? Ni ce tafinta, dole na mayar da maganar Hausa da bakina.

Za ku ce me ya hana ni shiga in gyara a ranar. Na je. Na tsaya a ƙofar ɗakin, sunan yana kan harshena, na ji nauyinsa. Abin da ya fito shi ne, "Ke, tashi ki ci abinci." Ta tashi ta ci. Na ce a raina gobe, goben ta zama wata goben, magana kuwa zarar bunu ce. Ba ta sake taka shagon ba, kullum tana da aikin makaranta. Mis Loreta ba ta taɓa tayar mini da zancen ba, amma ba Asabar ɗin da ba ta kama sunan ta tambayi lafiyarta ba, ta kuma ba ni ƙyallaye a jaka in kai mata. Nakan ajiye a kan gadonta, in tarar da su a kwandon ɗinkina. Da Inna ta koma gida Hausar yarinyar ta bi ta, ta koma amsa mini da Turanci, daga baya ma sai na maimaita kafin ta gane. Shagon ya rufe a ƙarshen shekarun tamanin, Mis Loreta ta tsufa, mutane kuma sun koma manyan kantunan titin Wendover inda za ka cika keken kaya ba wanda ya san kana da jika.

Kada wani a cikinku ya ce yayarku ta riƙe ni a zuci, ban yarda ba. Ita ke tukowa daga Pleasant Garden ta kai ni asibiti, ita ke jera mini magunguna, ita ta san lambar takalmina. Ba ta taɓa gaza mini ba, ba ta kuma sake jiran komai daga hannuna ba, wannan ne ke hana ni sakewa in tana kusa. Ɗanta na fari kuwa tana kiran sunansa tun safe har kunnena ya gaji, ta rungume shi a gaban kowa ko da ya yi gemu. Wata baƙuwa daga gida ta taɓa zungurina ta ce Hajiya ba za ki yi mata magana ba, na ce ta sha shayinta.

Bashir, na san bargon yana cikin kabad ɗinka, na kuma san ka lulluɓe 'ya'yanka da shi. Ba laifinka ba ne, kai dai ka ja gefensa. In ka karanta wannan ka ɗauko shi ka kai inda ya kamata, kada ka wanke, kada ka gyara inda ya yage. Ke kuma, na san sai Safiya ta zauna ta fassara miki wannan rubutun, kuma ni na jawo haka. Amma Inna ba ta jin Turanci na ji tsoron za ta gane sunanta, ke ma ba kya bukatar tafinta a wannan layin. Mis Loreta ta tambaye ni wa aka yi wa, ban ba ta amsa ba har ta rasu.

Naki ne, Hadiza.